Kafaɗar Goni

Diffa, farkon watan Nuwamba

Abdullatif,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Sumaiya da yara, da fatan Yamai tana yi da ku. Mu nan lafiya, sai godiya. Babanka yana nan garau a Shetimari, shi ke fara isa masallaci, shi ke ƙarshen barin gardama. Kogin Komadugu ya kawo ruwa sosai bana, tattasai ya yi kyau a gonaki. Gaisuwa ta ƙare a nan.

Na ɗauki biro ne don na gaji da wayarka. Duk lokacin da na kira, sai "To, Yaya, to, Yaya, akwai mara lafiya a gabana," ƙit ka kashe. Yanzu sai ka nemi kujera ka zauna ka karanta.

Maganar ƙanena Goni ce, wanda kuka yi iyo a kogi tare kafin ka tafi karatu ka zama kine, mai gyara wa mutane tafiya. Ranar Asabar na je Shetimari. Ina tsaye a ƙofar gidan babanka na hango wani yana tahowa daga wajen gonaki, na ce a raina wane tsoho ne wannan ban san shi ba. Sai tsohon ya ce, "Ya Fatime, yaushe a gari?" Abdullatif, yaron da na goya ne. Bai kai arba'in ba.

Ga abin da idona ya gani, tunda ku likitoci kuna son a faɗa muku dalla-dalla. Kafaɗar dama ta hau har tana neman kunnensa, ta hagu ta zube. Kansa ya kwanta wajen hagu kamar mai sauraren magana ta bayan katanga. Ƙugun dama ya ɗaga, in ya taka ƙafar dama dunduniya takan makara kafin ta sami ƙasa. Gwiwar hagu kuma tana shigowa ciki duk taku. In zai waiwaya sai ya juya jiki gaba ɗaya. Da ya zo sallar la'asar na lura ba ya iya ruku'u a miƙe, bayansa gangarowa yake gefe guda. Matarsa Sadiya ta ce mini ko wuyan rigarsa ba ya zama daidai, ta ɗauka laifin tela ne har ta yi faɗa da shi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, kowa yana ganinsa safe da yamma. Tun da aka hana hawa moto, wato babur, a wajen nan saboda rashin tsaro, babu mai kai injin ban ruwa bakin kogi sai da ƙarfin jikinsa. Ba a barin inji ya kwana a gona, ka san hali. Jakin Goni ya mutu a ambaliyar bara, baro kuma ba ya tafiya cikin rairayin hanyar nan. Don haka da safe ya ɗora injin a kafaɗar dama, ya saƙala tiyo a wuya, ya tafi. Da yamma ya dawo da shi a kafaɗar dai. Na ce masa ya riƙa sauyawa mana. Ya yi dariya ya ce, "Ya Fatime, hagu ba ta yi lakkwal ba, ba ta zauna aji ba, ba ta iya ba."

Ni kuwa ban yi dariya ba. Na dawo Diffa na aro littafin jikin ɗan Adam wurin wata ƙawata mai koyar da ƴan jinya, na karanta babin tsoka har na kusa haddace shi. Abin da na gane, tsokokin jiki kamar igiyoyin rumfar biki ne. In ka ja na gefe ɗaya tamau, ka bar na ɗaya gefen sako-sako, rumfa karkacewa za ta yi ko da sandunanta tsawonsu ɗaya. In na yi kuskure ka gyara mini, ni malamar tarihi ce, ba likita ba.

Amma a Shetimari an riga an gama bincike. Sun ce ƙafar dama ce ta gajarce, wai sanyin kogi ya shiga ya tsuke ta. Babanka ya fara maganar Isma'ila wanzami, a yi wa Goni sakiya, a ɗora masa jan ƙarfe a baya don sanyin ya fita. Ka san tun rasuwar babanmu maganar babanka, Baba Alkali, ita ce magana a gidan nan. Ni mace ce, kuma ƴar wansa, in na buɗe baki sai ya ce, "Madam, nan ba aji ba ne." Kai ɗansa ne, kuma sana'arka ce.

Abu ɗaya nake so. Ka rubuto a fili, da Hausar da zan iya mayar masa da Kanuri ba tare da na yi gumi ba: ƙashi ne ko tsoka, kuma a ƙona shi ko kada a ƙona. Ban yarda a taɓa bayan yaron nan da wuta ba.

Yayarka,
Fatime

*

Yamai, tsakiyar Nuwamba

Ya Fatime,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso, na gode. Muna nan lafiya, Sumaiya tana gaishe ki, ƙaramin ne kawai ya yi zazzaɓi, ya kuma sami sauƙi. Ki gaida Baba da kyau, ki gaida Goni da Sadiya. Ki yi haƙuri da maganar waya, wallahi aiki ne, ba raini ba.

Labarin Goni ya tayar mini da hankali. Kin yi bayani fiye da yadda wasu ɗalibanmu ke yi. Sai dai ki sani, a aikinmu ba a yanke hukunci a kan jikin da ba a taɓa ba. Abin da zan iya shi ne in faɗi abubuwan da kan jawo irin wannan.

Na farko, akwai mutanen da ƙashin ƙafarsu ɗaya ya fi ɗaya gajarta da gaske, ko tun haihuwa ko bayan karaya. Irin waɗannan akan ƙara musu tudu a ƙarƙashin takalmin gajeriyar ƙafar, sai ƙugu ya daidaita, ciwon baya ya ragu. Na ga waɗanda wannan kaɗai ya ishe su.

Na biyu, kuma shi na fi zato, shi ne abin da kika faɗa. Wanda ya daɗe yana ɗaukar nauyi a gefe ɗaya, tsokar da ke tsakanin haƙarƙari da ƙugu takan ɗaure ta ja ƙugun sama, sai ƙafa ta zama kamar ta gajarce alhali ƙashi lafiya lau. Tsokokin mazaunai na ɗaya gefen su yi rauni, gwiwa ta riƙa faɗawa ciki. Irin wannan in aka ƙara masa tudu a takalmi an ƙara masa ciwo, don an tura ƙugun da ya riga ya hau. Gane bambancin ba wuya. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri wadda take daidai, a auna da mitar tela daga ƙashin da ya turo a gaban ƙugu zuwa idon sawu na ciki, dama da hagu. In awo ya zo ɗaya, ba ƙashi ba ne.

Ki kuma tambaye shi ko ƙafar tana mutuwa, ko fitsari yana kufce masa, ko yana zazzaɓi da rama. In akwai ɗaya daga ciki, a kai shi asibiti a ɗauki hoton baya ba tare da jira ba.

Sakiya kuwa, ni ban ga abin da za ta gyara a nan ba. Amma kin san Baba, kin kuma san ba girmana ba ne in aiko masa da umarni daga nesa. Wataƙila a bi shi a hankali.

Zan ba direban kar ɗin fasinja da ke zuwa Diffa takardar nan, ɗan wajenmu ne, ya san gida.

Ƙaninki,
Abdullatif

*

Diffa, farkon Disamba

Abdullatif,

Salamu alaikum. Allah Ya ƙara wa ƙaramin lafiya. Babanka lafiya. Ni ma lafiya, in ban da hawan jini, wanda kai ne ka aiko mini da shi a cikin ambulan.

Direbanka ya san gida, gaskiya ne. Gidan babanka ya sani. Kar ɗin yana bi ta Shetimari kafin ya iso Diffa, shi kuma a ganinsa takarda daga ɗan Baba Alkali ai ta Baba Alkali ce. Ni ina nan ina jira, kullum in aika tasha a ce babu, ina zaginka a zuci cewa ba ka amsa ba. Ashe amsarka tana can tana aiki.

An ba wani maƙwabci ya karanta a zaure, gaban dattawa. Ya karanta gaisuwa, ya karanta "na farko", ya kai wurin tudun takalmi da "na ga waɗanda wannan kaɗai ya ishe su". Babanka ya ɗaga hannu ya ce ya isa, ai abin da muka faɗa ke nan, ƙafa ta gajarce, likita ma ya tabbatar. Shafi na biyu ko buɗe shi ba a yi ba. Da na karɓi takardar har yanzu a ninke yake yadda ka ninke shi, sai tabon shayi a kai.

Wa ya koya maka fara magana da abin da ba ka zata ba? Ka yi shekara ashirin a zauren nan kana zuba wa dattawa shayi, ka taɓa ganin an saurari na biyu bayan na farko ya yi daɗi?

Sun kai takalmin Goni wurin baduku. Ya yanko tayar mota ya liƙa, ya ga bai isa ba ya ƙara wata, ya buga ƙusoshi. Tudun ya kai kaurin yatsu biyu. Goni ya sa shi ya ci gaba da ɗaukar inji. Sadiya ta ce tun kwanakin farko yake cije leɓe in zai tashi daga tabarma, amma ya ce maganin ɗan'uwansa ne, dole ya yi zafi kafin ya yi aiki. A makon da ya wuce yana gangarawa bakin kogi, gwiwar hagu ta lanƙwashe, ya faɗi da inji a kafaɗa. Mazan da ke wurin suka sheƙo a guje. Injin suka fara ɗagawa, suka duba ko ya fashe, sannan suka tuna akwai mutum a ƙasa.

Na je na same shi gwiwa a kumbure. Na kori kowa daga ɗakin ban da Sadiya, na kwantar da shi a kan siminti, na auna yadda ka ce, na sake aunawa, na ba Sadiya ita ma ta auna. Tsawonsu ɗaya, Abdullatif. Ƙafa ba ta mutuwa, fitsari lafiya, babu zazzaɓi. Na ɗauki takalmin na jefa bayan katanga, na tafi zaure da mitar a hannu.

Na durƙusa na gaida babanka yadda ya kamata, kada ka ce ban yi ladabi ba. Na karanta masa shafi na biyu da Kanuri. Ya saurara yana jan carbi, ya ce, "Madam, kin gama darasin?"

Na ce, "Baba, ƙafafunsa tsawonsu ɗaya, ga awo."

Ya ce, "Da mitar ɗinkin zane? To ki ɗinka masa sabon baya mana."

Dattawa suka yi dariya. Na ce ɗansa da kansa ya rubuta cewa sakiya ba za ta gyara komai ba. Ya ce in sake karanta wurin. Na karanta. Ya ce, "Ya ce bai gani ba. Yaro ne, akwai abubuwa da yawa da bai gani ba tukuna. Ya kuma ce ba girmansa ba ne. Yaron kirki, na ba shi tarbiyya." Sannan ya ce an gwada na asibiti, har na ɗansa na cikinsa, ga inda ya kai mu, saura na gida. Isma'ila wanzami ya tafi Geskeru wajen wani aiki. Da ya dawo za a yi, da safe, kafin rana ta yi zafi.

Goni kuwa tun kafin gwiwar ta gama sacewa ya koma ɗaukar inji, don tattasai ya fara nuna, in ya rasa ruwa yanzu aikin shekara ya tafi.

Kai kana can kana miƙar da bayan manyan Yamai a kan gado mai katifa, naka yana karkacewa a rairayi. Ban roƙe ka ka zagi babanka ba. Kalma ɗaya na roƙa, "kada". Ka nemo ta, ka kira shi da bakinka, tun Isma'ila bai dawo ba. Wannan takardar a hannun wata ƴar ajinmu mai zuwa Yamai na ba da ita, amsar ma ita za ka ba.

Fatime

*

Yamai, tsakiyar Disamba

Ya Fatime,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Allah Ya sauƙaƙa wa Goni, Ya sassauta miki jinin.

Maganarki ta manyan Yamai ta yi mini zafi. Na gane nufinki, cewa na gudu na bar gida. Waɗanda nake dubawa masu ɗaukar buhu ne a kasuwa, da mata masu daka, da sojojin da aka sallamo da rauni. Katifar ma ta yage. Ban zaɓi nisa ba, inda aka tura ni nake. Amma laifin takardar nawa ne, na rubuta ta kamar ina gaban malamaina, kuma Goni ne ya biya.

Na kira Baba. Sai da na yi ta nema kafin layin Shetimari ya shiga. Ya tambayi Sumaiya, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi farashin gero. Na ce, "Baba, kada a yi wa Goni sakiya." Da bakina na faɗa, Ya Fatime. Ya ce, "Ka ga jikinsa da idonka?" Na ce a'a. Ya ce, "To ni kullum ina gani. Allah Ya yi maka albarka." Ya ba wani wayar ya kashe masa. Hutuna sai bayan sabuwar shekara, na nemi a matso da shi an ƙi.

Ga abin da za a yi, babu wataƙila. Ya daina ɗaukar inji, ba na kwana biyu ba, na makonni masu yawa. In bai sauke nauyin nan ba duk sauran wasa ne. Sannan kullum safe da yamma: ya kwanta rigingine, gwiwoyi a tanƙwashe, ya ɗaga ƙugu sama ya riƙe, ya sauke a hankali. Ya kwanta a gefen dama ya riƙa ɗaga ƙafar hagu. Ya tsaya ya ɗaga hannun dama bisa kai ya karkata hagu har ya ji gefen cikinsa yana jawuwa. Ya jingina da bango, ƙeya da kafaɗu da mazaunai duk su taɓa, ya saba da yadda tsayuwa daidai take, don jikinsa ya manta. In har suka rinjaye ki, ki hana ƙarfe kusantar ƙashin baya, kuma kada a shafa wa ƙunar toka ko wani haɗi, a kai wa ƴan jinya su wanke.

Ki ɗauke shi ki kai Diffa in kin iya. Goni ba ya ƙetare maganarki.

Ƙaninki,
Abdullatif

*

Diffa, ƙarshen Janairu

Abdullatif,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Sumaiya. Na ga kiranka sau da yawa ban ɗauka ba, ba na son in faɗi wannan ta waya. Ban ce ka gudu ba, kada ka ƙara mini abin da ban rubuta ba. Cewa na yi kana da nisa, kuma kana da nisan. Na gode da ka kira shi, na san abin da hakan ya ci maka.

An yi sakiyar.

Na bi shawararka. Da na ji Isma'ila ya dawo, na nemi izini wurin direktan makarantarmu na tafi Shetimari da niyyar in sa Goni a mota ko yana so ko ba ya so. Na same shi a filin shanya, tattasai ja wur a shimfiɗe har inda ido ya tsaya, yana juya shi da mayayi, a karkace, yana atishawa. Na ce ya ajiye, mu tafi. Na karanta masa takardarka, na nuna masa motsin ɗaya bayan ɗaya, ni da girmana ina ɗaga hannu ina karkacewa a gaban mata masu tsinka.

Ya bari na gama. Ya ce, "Ya Fatime, na yarda da ke. Na yarda da Abdullatif. Tun ranar da kika auna ni na san ba ƙafa ba ce."

Na ce, "To tashi mu tafi."

Ya ce, "In tafi in ce me? In ce Goni ya bar gona tsakiyar ban ruwa ya je gidan yayarsa yana kwanciya yana ɗaga ƙugu sama kamar jariri? Wa zai ɗaukar mini inji saboda wannan? Kowa a nan bayansa yana ciwo. In na ce na gaji, cewa za a yi kowa ma ya gaji. Sadiya ba za ta iya zuwa rijiya ba don gori."

Na ce gori ba ya kashe mutum. Ya ce, "Amma yana kashe tattasai. Wanda aka yi wa sakiya kuwa, kin san al'ada, ba ya ɗaukar ko buta sai ƙunar ta warke. Baba da kansa zai raba aikina ga ƴan'uwa, ba wanda zai ce uffan. Abdullatif ya ce in huta. Ni hanyar hutu ɗaya na sani a garin nan." Sai ya yi murmushin nan nasa ya ce, "Ki bari a ƙona ni, Yaya. Na gaji."

Na karanta littattafai da yawa a rayuwata, na koyar da yaƙe-yaƙen Borno har na gaji, ba a taɓa kayar da ni a magana irin na ranar ba. Na zage shi, na zagi injin, na zagi garin da sai an ga hayaƙi yana tashi a jikin mutum kafin a yarda yana jin ciwo. Yana tsaye yana saurare, kai a kwance gefe guda.

Washegari da safe aka yi, a tsakar gidan babanka. An ce mata su shiga ɗaki. Ban shiga ba. Babanka ya ce, "Madam." Na ce, "Baba, yau ko za ka tsine mini, a nan zan tsaya." Aka kwantar da Goni rub da ciki, maza suka danne. Da Isma'ila ya zaro ƙarfen daga garwashi na durƙusa na shimfiɗa hannuna a kan ƙashin bayan Goni, daga wuya har inda hannun ya kai. Na ce, "Nan ba naka ba ne. In kana so, fara da hannuna."

Ya ce, "Hajiya, ni ma ba na taɓa nan, ba yau na fara ba."

Na ce, "To yau ma kada ka fara."

Ya ɗora a kafaɗa, ya ɗora a gefen ƙugu. Ba zan rubuta maka warin ba. Goni bai yi kuka ba, tabarma ya ciza. Har yanzu ba na iya wucewa ta gaban mai tsire.

Da za su shafa haɗinsu na ce a'a, a Diffa za a wanke, kuma a gidana zai yi jinya tunda ni ce kusa da asibiti. Wannan karon babanka bai yi musu ba, ya sami abin da yake so. Ƙunar ƙugun ta yi ruwa, ya yi zazzaɓi mai zafi, sai da aka yi masa allurai. Ƴar jinyar da ta duba shi ta tambaye ni ko ba mu da mai ilimi a gidanmu.

Da zazzaɓin ya sauka na fara masa motsinka, wanda ƙunar ta bari tukuna, daga baya duka. Safe kafin in tafi lakkwal, yamma in na dawo. Yana kirana kwamanda. Da farko in na jingina shi da bango na daidaita masa kai sai ya ce na karkatar da shi, sai da na kawo madubi. Yanzu akwai sarari tsakanin kafaɗar da kunne. Dunduniyar tana sauka tare da taku. Gwiwar tana faɗawa ciki in ya gaji, amma ba kamar da ba. Jiya ya waiwaya da wuya kawai da aka yi sallama, bai ma lura ba, ni na lura.

Ranar kasuwa mutanen Shetimari sukan biyo su duba shi. Sun ga ya miƙe, sun koma sun baza labari. Isma'ila ya zama gwani, an ce maza biyu masu irin kafaɗar sun riga sun yi masa magana. Babanka ya aiko a gaya maka kada ka ji kunya, ilimi iri-iri ne. Injin Goni kuwa, ƴaƴan kawunmu biyu ke kai shi kogi, sun rataye shi a tsakiyar sanda, ɗaya gaba ɗaya baya, suna tafe suna hira. Sandar tana nan a gidan tun zamanin babanmu. Babu wanda ya tuna da ita sai da aka ƙona mutum.

Saura magana ɗaya, ka riƙe ta a cikinka. Wata safiya na shigo da ruwan wanke ciwo na tarar da Goni ya kai hannu baya yana ɓamɓare ɓawon ƙunar da farce. Ta kusa rufewa, ka gane. In ta rufe hutu ya ƙare, ga sauran ban ruwa, ga inji yana jira. Na buge hannun har sai da nawa ya yi zafi. Na wanke masa ciwon, na naɗe.

Ƙunar ta warke sarai tun makon jiya, sai tabo. Amma kullum safe ina naɗa masa bandeji a kan lafiyayyar fata, kafaɗa da ƙugu, in ɗiga jan magani a kai ya ɓullo. Duk wanda ya zo daga Shetimari ina ce masa ciwon ya yi zurfi, sai bayan an gama tsinkar tattasai. In babanka ya tambaye ka, ba na so ka yi masa ƙarya. Ka tambaye shi farashin gero.

Sadiya ta zo ta zauna tare da mu. Ban gaya mata komai ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ita ke wanke bandejin, kuma ba ta shanya shi a bayan ɗaki tare da sauran wanki. A igiyar ƙofar gida take shanyawa, inda duk mai shigowa zai gani.

Ka gaida yara. Allah Ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Fatime